Injin Tabawa a Baje Kolin Manu

A zangon Hausawa da ke bayan kasuwar Oil Mill a Fatakwal, babu wanda bai san Manu dillalin shanu ba. Wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba ya ji muryarsa, domin shi ko gaisuwa zai yi da na kusa, sai na ƙarshen layi ya amsa. A bakinsa babu sana'ar da bai iya ba. Ya taɓa gyara jirgin ruwa, ya taɓa ba likita shawara, kuma in ka biye masa, shi ya nuna wa injiniyoyi inda za su kafa gadar sama.

Wata safiya a teburin mai shayi ya ajiye kofi, ya gyara zama, ya sanar da jama'a cewa ya gano abin da Allah ya halicce shi dominsa. Zai zama uban masu sassaƙar zamani na duk ƙasar kudu. Zai fara da baje koli a nan zango, daga nan ya ɗauke shi zuwa Anacha, daga Anacha sai Inugu, kuma kafin damina ta wuce Turawa za su riƙa neman lambar wayarsa.

Aka tambaye shi inda ya koyi wannan harka, ya ce a Legas. Gaskiyar maganar ita ce ruwan sama ne ya taɓa kora shi cikin wani gida mai farin bango, inda aka jera ƙarafa da itatuwa, mutane suna zagaya su da hannu a baya suna gyaɗa kai. Ya tsaya har ruwa ya ɗauke, ya sha lemon da aka miƙo masa, ya fito. Tun daga ranar yake ganin ya sauke karatun.

Liman Muntaka, wanda ke gefe yana tsoma burodi a shayi, ya tambaye shi ina masu sassaƙar da zai zama ubansu. Manu ya ce yana da guda a hannu, kuma gudan nan ya fi taron wasu.

Ya'u mai walda yake nufi, mijin ƙanwarsa Tabawa, wadda ta rasu bara. Ya'u mutum ne mai shiru, wanda in ka yi masa sallama sai ka jira kafin amsa ta fito. Tun rasuwar matarsa, in ya gama aikin ƙofofi da tagogi da la'asar, ba ya zuwa majalisa. Sai ya zauna a shago yana haɗa guntayen ƙarafa, yana fitar da wasu siffofi da ba mutum ba, ba dabba ba, amma in ka tsaya a gabansu sai ka rasa dalilin da ya hana ka wucewa.

Babba a cikinsu da injin markaɗen Tabawa ya yi shi. Da wannan injin ta yi sana'a a ƙofar gida har ciwo ya kwantar da ita. Ya'u ya kasa sayar da shi, ya kuma kasa jin ƙararsa a hannun wata. Sai ya kwance shi. Ya ɗaga mazurarin sama kamar hannu mai roƙo, ya jera farantan niƙa suna hawa kamar har yanzu juyawa suke, ya naɗe su da tsohon bel, ya maƙala ludayinta da marufan tukwanenta. A tsakiya ya kafa sandar da take danna tattasai da ita, wadda tafin hannunta ya cinye har ta yi santsi. Bai kankare tsatsa ba, bai goge jan tattasan da ya bushe a bakin mazurari ba. Ya kai shi kusurwar ɗakinsa, kuma kullum da safe a gabansa yake shan koko.

Da Manu ya zo da maganar baje koli, Ya'u ya ce a ɗauki ƙananan duka, amma a bar masa wannan.

"Wannan ai shi ne bajimin garken," in ji Manu. "Ka taɓa ganin an kai shanu kara an bar bajimi a gida?"

"Yaya, ba na kasuwa ba ne."

"Wa ya ce maka kasuwa? Kallo za a yi. Kuma kafin ta zama matarka ƙanwata ce. Ni na goya ta, ni na kai ta makarantar allo. Ka bari duniya ta san an yi Tabawa."

A nan ya kama shi. Ya'u bai taɓa iya musu da yayan matarsa ba tana da rai, balle yanzu. Ya ce ya yarda, amma ba za a sayar ba, ba za a taɓa ba, kuma kafin magariba injin yana ɗakinsa. Manu ya dafa ƙirji ya ce ko ƙuda ya sauka a kai, da shi zai yi shari'a.

Filin da za a yi taron na Cif Wobo ne, dattijon garin da zango ke zaune a kan ƙasar kakanninsa, kuma daga shagon Ya'u kana hango shi. Ya'u ya ce amalanke ya isa. Manu ya yi dariya har da buga cinya, ya ce kayan baje koli ba sa hawa amalanke kamar buhun albasa. Ya je ya samo tirelar da ta sauke shanu daga arewa, ko wanke ta ba a yi ba.

Tirela ta sa kai cikin layin zango, ta kwashe igiyar shanyar mata, ta tuge rumfar mai shayi, sannan ta maƙale tsakanin masallaci da kwata. Direba ya sha fama kafin ya fitar da ita da baya, ya je ya tsaya can bakin titin Aba ya ce ko taku ɗaya ba zai ƙara ba. Sai ga 'yan dako suna ɗaukar ƙarafan Ya'u a ka, suna wuce filin taron da ƙafafunsu, suna kai su bakin titi su loda a tirela, don tirela ta zagayo ta kawo su filin da suka wuce.

Hannatu matar Manu tana tsaye tana tsince zannuwanta daga taɓo. Ta ce da shi, "Maigida, in an gama, a sa ni ma a tirelar a kai ni kicin."

Manu ya ce mata ba su san tsari ba.

A cikin tirela ya sa aka ɗaure kowane ƙarfe ta ƙafa da ta wuya, yadda ake ɗaure sa mai faɗa. Sannan ya ɗauko gwangwanin jan fenti da yake yi wa shanunsa shaida a kara, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu alamarsa a gefe, wai kada su cakuɗe da na wani. Wani mahauci ya tambaye shi na wa za su cakuɗe da su, tunda a duk Fatakwal ba a ga wanda ya kora irin wannan garke ba. Manu ya ce mai hankali tun kafin ɓata yake shiri. Da ya nufo injin Tabawa da burushi, sai ya tarar Ya'u ya tsaya a gabansa. Ya ƙi matsawa. Manu ya ce to, bajimi ai kowa ya san shi, ba ya buƙatar shaida.

Ya zaɓi ranar Laraba, ranar da kasuwar Oil Mill ke ci, don a cewarsa taro ke kiran taro. Tirela ta shiga cunkoson keke-napep da baburan okada tun hantsi, ba ta iso ba sai bayan azahar. Aka sauke kaya suna warin kashin shanu, aka jera su ƙarƙashin rumfunan haya. Manu da kansa ya tsayar da wani dogon ƙarfe kai a ƙasa. Ya'u ya matso ya raɗa masa cewa ya kife shi. Manu ya ja da baya, ya ƙanƙance ido, ya ce a Legas haka ake ajiye irinsa, amma tunda mai shi ɗan ƙauye ne, a juya masa.

Kafin a buɗe wa jama'a, Liman Muntaka ya ce sai ya duba, don ya ji ana raɗe-raɗin an kawo gumaka zango. Ya bi su da carbi a hannu, yana leƙa sama yana leƙa ƙasa, yana neman kai ko ido ko hanci. Bai samu ba. Ya fito ya ce ba laifi a kalla, amma kada wanda ya tambaye shi me ya gani.

Manu ya saɓa babbar riga mai aska, ya kafa hula, ya karɓi lasifika. Yana cikin jero sunayen manyan baƙin da ba su zo ba, janareta ya mutu. Babu wanda ya lura, don muryarsa ba ta ragu ba. Ya koya wa mutane yadda ake kallo: hannu a baya, tafiya a hankali, a tsaya, a karkata kai, a gyaɗa. Ba a daɗe ba sai ga mahauta da masu albasa da masu tsire suna zagaye fili a jere, hannu a baya, suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru a kan katanga. Wani ya ce wannan ya yi kama da haƙarƙarin raƙumi. Wani ya ce a'a, haɗarin da aka yi a hanyar Aba ne aka kwaso. Masu fararen kaya da suka matsa kusa suka koma da jan fenti a gefen riga, kowa ɗauke da shaidar Manu.

Waɗanda suka fi kowa natsuwa su ne 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Su ba su gyaɗa kai ba. Durƙusawa suke yi, su ƙwanƙwasa da farce, su kasa kunne, su ɗan ɗaga gefe ɗaya su kalli juna. Ɗaya ma da sikelinsa ya zo, ya ɓoye a hammata. Manu ya nuna su da alfahari ya ce jama'a su koyi kallo a wurin masana.

Sai mata suka iso. Su ma da dariya suka shigo, suna zolayar mazajensu da ke tafiya kamar masu ciwon baya. Da suka kai gaban babban, dariyar ta tsaya. Hannatu ce ta fara gane lotsawar da ke bakin mazurari, sannan ta ga sandar. Ta ce, "Injin Tabawa ne." Wata ta ce a nan suke layi da robobinsu kowace safiya, tana markaɗe tana ba su labarin kowa. Wata ta ce har yanzu miyarta ba ta yi laushin da take yi a da ba. Suka tsaya suna share ido da bakin mayafi. Ya'u ya juya ya kama gyara wata igiya da ba ta kwance ba.

Ana cikin haka Cif Wobo ya iso da a-kori-kura, da direbansa da wasu samari majiya ƙarfi. Tsoho ne mai malfa da sanda, mai son raha. Manu ya tare shi da gudu, ya riƙe masa hannu, ya shiga zagayawa da shi yana bayani da Turancin kasuwa. Wannan, a cewarsa, yana nufin tattalin arziki. Wancan yana nufin haɗin kan ƙasa. Cif yana tafe yana cewa ya ji. Da suka zo gaban injin, sai ya daina amsawa. Ya dogara sandarsa ya daɗe yana kallo. Daga baya ya ce mahaifiyarsa da irin wannan sana'a ta raine su, kuma ya daɗe bai ga abin da ya yi masa kyau kamar wannan ba.

To, a wurinmu in babban baƙo ya yaba abinka, kana iya cewa ai nasa ne. Shi kuma ya san amsar: ya gode, ya ce abin ya fi dacewa da mai shi, a yi dariya a wuce. Kowa ya fita da mutuncinsa, kaya na nan inda suke. Manu ya ga idon zango duka a kansa. Ya buɗe hannu, ya ɗaga murya yadda har 'yan kara za su ji.

"Chief, na your own." Wato ai naka ne.

Cif ya dube shi, ya tambaya ko da gaske yake. Manu ya ce shi Manu ba ya magana biyu. Cif ya kama hannunsa ya girgiza, ya sa masa albarka da harshensu, ya juya ya yafito samarinsa.

Manu yana murmushi yana jiran amsar da ya sani. Samari suka ciccibi injin, 'yan gwangwan suka kama musu da sauri don su ji nauyinsa, Manu yana murmushi. Aka ɗora a bayan mota, yana murmushi. Ya matsa kusa da Liman ya ce ƙasa-ƙasa, "Yanzu zai ce ya bar mana."

"Ɗaurewa suke yi," in ji Liman.

"Tsokana ce. Na san shi."

"Sun ƙulle igiyar."

Hannatu ta kutso ta ce ya je ya gaya wa bawan Allahn nan gaskiya tun mota ba ta tashi ba. Manu ya ce kyautarsa ba ta taɓa dawowa gida ba, kuma ba yau za ta fara ba. Dattawan zango suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Mutumin nan a ƙasarsa ake zaune, an ba shi abu a gaban jama'a ya yi godiya, wa zai je ya ce masa wasa ake yi? Manu ya zo ya dafa kafaɗar Ya'u, ya ce ya kwantar da hankalinsa, zai sa a kawo masa sabon inji fil daga Anacha, wanda ko tsatsa babu, ya yayyanka yadda yake so.

Ya'u ya dubi motar. Ya cire hannun daga kafaɗarsa a hankali, ya taka zuwa motar, ya kama ƙarfen baya ya hau. Ya zauna a gefen injin, ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora hannu a kan sandar.

Direba ya ce ya sauka, bai sauka ba. Samari suka yi masa magana, bai dube su ba. Cif, wanda har ya sa ƙafa ɗaya a gaban mota, ya zagayo ya tambayi ko wane ne wannan, kuma me yake nema. Ya'u ya yi magana da Turancinsa na shago, a hankali, yadda sai an kasa kunne.

"Ranka ya daɗe, ban hana ka ba, an riga an ba ka. Injin matata ne, ta rasu bara. Ni na haɗa shi. Kullum da safe a gabansa nake shan koko. In gidanka zai koma, ina so in ga inda za a ajiye shi, don in san inda zan riƙa zuwa da safe."

Cif ya cire malfarsa. Ya ɗan jima a haka, sannan ya ce da samarinsa su kwance, su sauke, kuma duk wanda ya bari ko ludayi ya lanƙwashe zai gamu da shi. Ya miƙa wa Ya'u hannu da kansa ya taimaka masa ya sauko, ya yi masa ta'aziyya, ya ce hannunsa na da albarka. Sai ya mayar da malfa, ya juyo wurin Manu, ya tambaye shi yadda aka yi ya kyautar da abin da ba nasa ba.

Manu ya shiga bayani. Ya ce al'ada ce mai zurfi, sai wanda ya yi karatu yake gane ta. In an ce naka ne, to naka ne, amma kuma ba wai naka ba ne na ɗauka. Cif ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce ashe kyautar Manu a baki take tsayawa.

Da Manu ya yi shiru a nan, da ya koma gida da rigarsa. Amma ya ji an yi dariya a bayansa. Ya buga ƙirji ya ce a tambayi kowa daga nan har Kano, in dai abu nasa ne na kansa, wanda ya yaba ya ɗauka.

Cif ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ɗan taɓa aikin wuyan rigar da kan sandarsa, ya ce wannan babbar riga ta yi kyau ƙwarai.

Manu ya dubi Liman. Liman yana kallon wani gajimare. Ya dubi dattawa, kowa ya sami abin dubawa a farcensa. Sai aka ji wata 'yar siririyar murya, wadda ba wanda ya taɓa sanin Manu yana da ita, ta ce, "Taka ce."

Ya tuɓe, direba ya ninke. Cif ya ce hular ma ba laifi. Hula ta bi riga. Ya ce bai taɓa ganin agogo mai ƙyalli irin wannan ba, kuma takalmin kamar an auna ƙafarsa. Manu ya tsaya a tsakiyar fili daga shi sai singileti da wando, ƙafa a taɓo, 'yan gwangwan sun zagaye shi hannu a baya suna gyaɗa kai. Da idon Cif ya sauka ƙasa kaɗan, Hannatu ta shiga tsakani.

"Cif, wandon ba shi da kyau. Ni nake wanke shi, na sani."

Cif ya yi dariya har sai da ya riƙe mota. Ya ce ya yarda da shaidar uwargida, ya shiga ya tafi da kayansa.

Rana ta yi sanyi, aka kawo amalanke. Ya'u ya shimfiɗa tabarma a ciki, aka kwantar da injin, ya riƙe gaba. Babu wanda ya ce Manu ya tura, amma da yake ba ya son tsayawa a fili a yadda yake, sai ya sunkuya ya kama baya. Mata suna biye da su. A hanya yana gaya wa duk wanda ya leƙo cewa taro ya yi kyau, har babban baƙo ya roƙi kayan jikinsa don tarihi, kuma na Inugu sai ya fi wannan.

Ana kiran magariba suka shigar da injin ɗaki, suka mayar da shi kusurwarsa. Ya'u ya durƙusa yana duba marufan tukwane ɗaya bayan ɗaya. Manu ya tsaya yana haki. Tun safe yake bayani a kan abin, amma sai yanzu ya dube shi. Idonsa ya tsaya a kan sandar, ya daɗe yana kallonta, har Ya'u ya ɗago don ya ga ko lafiya.

"Ya'u," ya ce, "abin nan ya yi kyau."

Ya ɗan karkato kunne yana jira ko za a ce nasa ne.

"Na gode, Yaya," in ji Ya'u.

Ya fita tsakar gida ya ɗauko silifas ɗin alwala, ya ajiye a gaban ƙafafun Manu.

"Aro ne. A dawo da su da safe."